Kariya Mai Ɗankwali Ba Zane

Dalilin da ya sa kariya take tsayawa tsirara da rani, ga ƙaton tumbi, ga jan fure a ka, haɗama ce, ba wani abu ba. Ku matso ku ji. Kai Jatau, bar taɓa ta, ruwan jikinta dafi ne!

A da can kariya siririya ce, ganyenta kore shar, rani da damina. A bayan ɗakin wata tsohuwa, Gwaggo Kyauta, take tsaye, tsakanin lalle da zogale. Tsohuwar nan tulu ɗaya take iya ɗaukowa daga rijiya, ta raba musu su uku. To ita kariya, da an juya baya sai ta miƙa saiwa ta ƙarƙashin ƙasa ta zuƙe rabon maƙwabta.

Lalle ya ce, "Haba baiwar Allah, mu ba ma jin ƙishi ne?"

Ta ce, "Ajiya nake yi muku."

Ajiya kuwa! Ciki ya yi ta kumbura, har ran nan zanen ganyen ya kasa ɗauruwa, ya zube ƙasa kaf.

Sai ga Gwaggo da gatari tana neman itacen girki. Idonta ya yi rauni, duk abin da ba ganye a wurinta busasshe ne. Kariya ta ga mutuwa muraran.

Ta ce, "Zogale ɗan'uwa, ara mini ganye ko biyu!"

Zogale ya ce, "Nawa na kwaɗo ne."

Ta juya wajen lalle, ya ce, "Shiga ajiyar ki ɗauko."

Abin da ya rage mata kawai furen da ta ɓoye don kwalliyar damina. Nan da nan ta zaro shi ta ɗaura a ka.

Gwaggo ta ɗaga gatari ke nan sai ta ga abu ja, ta dakata. Ta shafa tumbin, ta ƙwanƙwasa, ta ji ruwa yana motsi.

Ta ce, "Au! Ashe nan tuluna yake ƙarewa? Marar kunya, ɗankwali ba zane!" Ta yi dariya har gatarin ya suɓuce. "Na ƙyale ki albarkacin furen nan. Amma ni da ba ki ruwa da rani har abada. Ki sha na cikinki."

Shi ya sa har yau, da rani ya shigo ganyenta ya zube, sai ta yi maza ta ɗaura fure don kada a hura wuta da ita. In kun dasa ta, ku sa ta a yashi, inda rana take, kuma kada ku ji tausayinta ku cika mata ruwa. Ba ta san ta ƙoshi ba, sha za ta yi ta yi har ta ruɓe.