Hancin Sarki a Cikin Miya

An yi wani mutum a garin nan, mai zanen bango. Ba zan faɗi sunansa ba, danginsa suna zaune a cikinku.

Sarki ya gina sabon zauren cin abinci, ya ba shi bangon gabas, ya ba wani mai zane, Taddeo, bangon yamma. Ya ce wanda aikinsa ya fi kyau shi ne zai zama mai zanen fada har mutuwarsa. Kullum mutumin nan sai ya juya ya kalli bangon Taddeo, hassada tana cinsa.

Kun san yadda ake aikin. Da safe mai yaɓe zai shafa farar ƙasa daidai wurin da za a gama a yini ɗaya. Sai a sa launi tun yaɓen yana ɗanye, bango ya shanye shi, su zama abu guda. In ya bushe, magana ta ƙare.

Ranar da zai zana fuskar Sarki, tsoho Bindo ya yi masa yaɓe da sassafe. Taddeo ya tafi bakin kogi neman jar ƙasar haɗa launi. Mutumin ya kori kowa, ya kulle zaure, wai fuskar Sarki ba ta son surutu. Da yamma aka tsinci gawar Taddeo, an fasa masa kai da dutse.

Alƙali ya tambayi mutumin inda ya yini. Ya nuna bango. Ga Sarki nan, an gama shi tsaf, har ya fi na gaske kyau. Wa zai zana irin wannan fuska kuma ya je kogi a yini ɗaya? Fadawa suka ce ai mutanen garin da ke maƙwabtaka da mu ne suka yi kisan. Sarki ya ji daɗin zancen, dama yana neman dalilin yaƙi. Mutumin ya samu kujerar mai zanen fada, da rigar siliki, da alfadari mai sirdi.

Ya 'yan uwa, kuna zaton ya tsira?

Bayan shekara biyu aka gaji da yaƙi, aka kira jakadan maƙwabta cin abincin sulhu, aka zaunar da shi ƙarƙashin hoton. Zaure ya cika da tururin tukwane. Wani abu ya faɗo cikin kwanonsa. Jakada ya ɗebo shi da cokali, ya duba, ya ɗaga kai.

"Ranka ya daɗe," in ji shi, "ina jin hancinka ne a miyata."

Kowa ya kwashe da dariya, ban da Sarki. Ya ce a kawo masa mai yaɓe a ɗaure. Bindo ya roƙa a kwance shi, ya hau tsani. Ya kankare rigar Sarki ta jikin hoton da farce, ko gezau. Ya taɓa kumatu, suka zubo kamar ɓawon albasa.

"Ranka ya daɗe, yaɓena lafiya lau yake. Wannan launi da ƙwai aka kwaɓa shi, aka shafa a busasshen bango." Ya leƙo ƙasa, ya dubi mai zanen. "Maigida, shekara arba'in ina wannan aiki. Yaɓena yakan jira mutum har rana ta karkata. Ina ka je har ya gaji da jiranka?"

Ga abin da ya faru ranar kisan. Mai zanen ya dawo daga kogi ya tarar bango ya bushe. Da ya sa an sake yaɓe, da Bindo ya gane bai yini a zauren ba. Sai ya fasa ƙwai, ya kwaɓa launi da su. A wurin cin abincin sulhun nan, kafin a kawo nama ya faɗi komai, ranar Asabar aka rataye shi.

Ya 'yan uwa, hassada ce ta kai shi kogi, ƙarya ta riƙe shi shekara biyu ta sake shi. Ƙaryar da kuka shafa a kan laifinku ba ta shiga bango ba, tana sama ne, tana jiran tururin miya. Ku je zauren ku gani. Bangon Taddeo yana nan kamar jiya aka yi shi, Sarki kuwa har yau ba shi da hanci.

Allah ya kiyaye mu da kallon bangon ɗan uwa har namu ya bushe. Amin.