Jan Ƙwai a Kan Dusar Ƙanƙara

Dalilin da ya sa mutanen ƙasar duwatsun nan ta Turai suke rina ƙwai idan bikin Ista na Kiristoci ya zo, su ɓoye cikin ciyawa su ce yara su nemo, shi zan gaya muku yau, ko kwa bar ni in sarara. Tun da kuka ga hotunan da na ɗauko a kasuwarsu lokacin da na kai wa kawunku ziyara, kun hana ni shan ruwa: "Kaka, kajinsu ne ke yin jan ƙwai?" Kajinsu kaji ne irin namu, har tonon shara suna yi. Labarin kuwa wata tsohuwa mai sayar da zuma a kasuwar ce ta ba ni, kawunku yana yi mana tafinta. In ƙarya ce, su biyu za ku kama.

A da can, ƙwai fari ne a wurinsu kamar ko'ina. Ƙasar duk duwatsu ce, irin waɗanda in ka ce sai ka ga ƙarshensu, hularka za ta faɗi. Idan sanyi ya shigo, dusar ƙanƙara takan zubo ta rufe hanya. Wanda ke kan dutse ya zauna kan dutse, wanda ke cikin kwari ya zauna cikin kwari, ba mai ganin wani sai bayan watanni. Kasuwar Ista ita ce ta farko da ke ci bayan hanya ta buɗe, don haka ba ciniki kaɗai ke kai mutane ba. Nan ake jin wanda ya rasu, nan ake ɗaukar jariran da aka haifa cikin sanyi.

Kafin Ista kuma suna da azuminsu na makonni, ba a cin nama, ba a cin ƙwai. Kaza kuwa ba ruwanta da azumin kowa, kullum sai ta ajiye nata. Ƙwai ya yi ta taruwa, sai a dafa don kada ya lalace, a kai kasuwa.

To a gida na ƙarshe can sama, inda daga shi sai gajimare, akwai wani tsoho mai suna Ignaz da matarsa Zenzi. Sun tsufa tare, kuma ba ranar da za ta fito ta faɗi ba su yi gardama ba. In ya ce miya ta yi gishiri, ta ce bakinsa ne. In ta ce ya gyara abu, ya ce gobe. Akwai wani kwandon goyo da take kai kaya kasuwa da shi, gindinsa ya huje tun lokacin kaka. Duk tsawon sanyin nan tana cewa ya saƙe ramin, yana cewa gobe. Har Ista ta zo goben Ignaz ba ta iso ba.

'Yarsu guda ɗaya, Afra, tana aure a cikin kwari, kusa da kasuwa. Cikin sanyin nan wani mafarauci ya biyo ta gidansu ya ce Afra ta haihu, namiji. Tun daga ranar Zenzi ba ta da wata magana sai ta yaron. Ta kaɗa zaren ulu, ta saƙa masa 'yar safa da ba ta wuce babban yatsanku ba, ta ce sai ta rina ta ja, don a hango ƙafar jikanta daga nesa.

Ranar kasuwa da sassafe ta ɗora tukwane biyu a murhu. Ɗaya ruwan dafa ƙwai, ɗaya kuma ruwan rini na ɓawon albasa da wata saiwa da suke tonowa. Idon Zenzi ya fara rauni, ga hayaƙi ya cika ɗaki, ga ɗoki. Ta ɗauki ƙwan nan duka ta juye cikin tukunyar rini. Ko da ta tsame, sai ga su jawur kamar barkono.

Ignaz ya leƙo, ya riƙe baki. Ya ce, "Tsohuwa, mene ne wannan? Kajin kika yanka a ciki?"

Ta ce, "Ƙwai ne. Ɓawon ne ya canza, cikin yana nan yadda Allah ya yi shi."

Ya ce, "Wa zai saya? Cewa za a yi ruɓewa ya yi, ko kuma an yi mana asiri. Wahalar kajin nan ta makonni kin zubar a tukunya ɗaya. Ni dai ba zan tsaya kusa da ke a kasuwa ana nuna mu da baki ba. Matar da ba ta iya bambance tukunya biyu, gara ta zauna a gida."

Wannan maganar ta yi wa Zenzi zafi, don ta san gaskiya ce idonta yana tafiya, kuma abin da take tsoro ke nan, kada ya tafi kafin ta ga yaron. Ta cusa ciyawa ta toshe ramin kwandon, ta jera ƙwan da zafinsu, ta ɗora cuku da burodi a sama, ta tsoma safar cikin sauran rinin ta matse ta sa a aljihu. Ta yafa farin bargonta na ulu, ta goya kwando, ta fita ita kaɗai.

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ignaz ya ga jan ƙwai, bai ga hujin kwando ba.

Ba ta yi nisa ba gajimare ya sauko ya zauna a kan dutsen. Ku ba ku san irinsa ba. Sama fari, ƙasa fari, gabanka fari, ka miƙa hannu ba ka ganin yatsunka sosai. Akwai wani wuri da hanyar ta rabu biyu, ɗaya ta gangara kasuwa, ɗaya kuwa turbar awaki ce da ke ƙarewa a bakin wani kwazazzabo. Zenzi tana tafe tana shirya amsar da ya kamata ta ba tsohon, ta ɗauki ta awakin ba ta sani ba. Turbar ga duwatsu, kwando yana jijjiga, ciyawar da ta cusa ta zame. Ƙwai ya fara sulalewa ɗaya bayan ɗaya. Mai fushi ba ya jin kaya sun yi masa sauƙi. Haka ta yi ta tafiya har santsi ya kwashe ta, ta gangara cikin kwazazzabon, ƙafarta ta gurɗe. Ta yi kira, ta yi kira, har muryar ta dushe. Sai kuma dusar ƙanƙara ta fara saukowa a hankali tana cike sawunta.

A gida kuwa Ignaz ya kasa zama. Ya duba taga ya ga farin nan. Magana zarar bunu ce, ya so ya mayar da tasa, babu hali. Ya ɗauki sandarsa ya bi hanya yana lalube, ya wuce mararrabar nan bai ga komai ba, yana ta ce wa kansa ai tana gaba.

Ya isa kasuwa ya tarar ta cika. Ga masu zuma, ga masu bandar nama, ga masu dawakin katako na wasan yara, ga mata da damman rassa masu sabon toho da za a kai coci. Ƙamshin burodi ko'ina. Afra tana tsaye bakin kasuwa da jariri a hannu, babbar 'yarta Lisi tana riƙe da gefen rigarta, suna ta kallon hanyar dutse.

Ta ce, "Baba, sannu da hanya. Ina Inna?"

Ya ce, "Ba ta iso ba?"

Ta ce, "Ba tare kuka taso ba?"

Tsohon nan ya dubi 'yarsa. Sai hawaye. Ya ce, "Ni na kore ta da bakina."

Afra ta kwarma ihu. Mutanen nan, ina gaya muku, na ji daɗinsu a wannan wurin. Mai zuma ya bar zumarsa, mai nama ya bar namansa a buɗe ga karnuka na yawo, aka buga ƙararrawar coci, kasuwa ta tashi ɗungurungum ta nufi dutse. An ce yara su tsaya, amma kun san halinku.

Kafin su hau sama gajimaren ya yaye, rana ta fito. Sai dai dutsen ya koma fari fat kamar an shimfiɗa sabon zane, babu sawu ko ɗaya. Manya suka watsu suna hangen nesa suna kwala kira. Wa za su hango? Mace mai farin gashi, cikin farin bargo, a cikin farar ƙanƙara. Ga sanyi yana ƙaruwa, kowa ya san in rana ta koma bayan dutse ba a same ta ba, sai dai wani labarin.

Yara kuwa idonsu kusa da ƙasa yake. A daidai mararrabar nan Lisi ta tsuguna gindin wani ɗan kurmi ta ce, "Kaka, dubi, ƙanƙara tana jini."

Ignaz ya durƙusa ya tona da hannu. Ƙwai ne. Da zafinsa ya faɗi, ya narka gurbinsa, rinin ya zuba ya yi ja kewaye da shi. Tsohon ya ɗaga shi sama ya ce, "Nata ne! Jama'a, ku daina kallon sama, ku dubi ƙasa. Ku nemi ja!"

Yara suka bazu kan turbar awaki. Can wani ya ce, "Ga ɗaya!" Can gaba wata ta ce, "Ga wani bayan dutse!" Haka ƙwan nan suka yi ta jan mutane, daga wannan zuwa wancan, har bakin kwazazzabo. Da farare ne, ko an taka su ba za a gani ba.

Ignaz bai jira igiya ba, ya gangara da mazaunansa. Ya same ta a dunƙule jikin wani dutse, leɓɓanta sun yi shuɗi, hannayenta a ƙirji. Ya tuɓe rigarsa ya rufa mata, yana kiran sunanta. Da ƙyar ta buɗe ido. Ya ɓamɓare hannunta don ya murza mata, sai ya ga ƙwai ɗaya da ya rage, a naɗe cikin jar safar nan.

Ta ce da 'yar muryar da ta saura, "Kar ka taɓa. Na yaron ne."

Ya ce, "Yaron da ba shi da haƙori?"

Ta ce, "To kai kana da su ne?"

Nan Ignaz ya san matarsa za ta rayu. Ya yi dariya yana kuka, ya ce ta yafe masa.

Aka sauko da ita a kan wani katako. Tun a hanya suka koma sana'arsu. Ya ce, "Kin ga amfanin gobe? Da na saƙe ramin nan da yanzu kina can." Ta ce, "Ramin banza. Da ba rinina ba, uban wa zai ga ƙwanka?" Masu ɗauke da ita suna dariya har suka kusa kayar da ita. A gidan Afra aka zaunar da ita bakin wuta, aka ɗora mata jariri a cinya. Ta kawo fuskarsa daf da tata don ta gani da kyau, ta daɗe tana kallo, sannan ta sa masa safar. Ƙwan kuwa ta ce duk yaron da ya tsinci ɗaya, nasa ne.

Da shekara ta zagayo, gida-gida aka dafa ƙwai da ɓawon albasa. Ignaz da kansa ya tsaya kan tukunya, ya kuma tsaya kusa da matarsa a kasuwa yana ɗaga hanci. Daga baya ne aka ƙaro kore da shuɗi da rawaya. Kwandon dai bai taɓa saƙe shi ba, ita ma ba ta sake cewa ya gyara ba.

Idon Zenzi ya ƙarasa tafiya, bayan wasu shekaru kuma ta rasu. Istar da ta biyo baya, jikoki suka tashi da safe suka ga jan ƙwai a bakin ƙofa, wani cikin ciyawa, wani gindin shinge. Suka yi ta bi suna tsinta, yaron nan mai jar safa yana kan gaba, har makabartar da ke bayan coci. Nan suka tarar da kakansu zaune da hujajjen kwando a gefe, ƙwai na ƙarshe a kan kabarinta. Ya ce musu, "Madalla. Kun sake samo ta."

Shi ya sa har yau, in Ista ta zo a ƙasar duwatsun nan, ba sa kai farin ƙwai kasuwa sai sun rina shi, kuma manya kan ɓoye shi su tsaya gefe, su bar yara su nemo.