Zauren Gidaɗo da Ɗakin Yaya

Akwai wani mutum a Makarfi mai suna Malam Gidaɗo, a shekarun farko bayan samun 'yancin kai. Akawu ne a wani ofishi a Ikara. A wancan zamanin, mutumin da ake biya duk ƙarshen wata, ko an yi ruwa ko ba a yi ba, abin kallo ne a cikin manoma.

Da albashin nan ya gina gida. Zaure mai tsawo, da zane a goshinsa. Bayan zauren sai shigifa, inda ya jera kujerun katako da rediyo don manyan baƙi. Daga nan sai cikin gida, ɗakunan soro a jere, sun fi mutanen da ke kwana a cikinsu yawa. Kullum da yamma akussa suna fitowa zaure, duk wanda ya zauna zai ci.

A can ƙarshen gidan yayarsa Ummuhani take zaune. Ita ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, kuma da ƙuli-ƙulinta ya yi makaranta. Mijinta ya rasu, ba ta haihu ba, ƙafafunta sun yi nauyi har sai an kama ta take fita tsakar gida. Gidaɗo ya yi furfura, amma ba ta daina ce masa Auta ba.

Sai aka kawo samari masu sabuwar takarda, aka sallami Gidaɗo da fansho. Fanshon bai kai rabin albashin ba. Gidan kuwa yana nan yadda yake.

Shi gidan ƙasa ba ya yi wa mai shi uzuri. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka sai an hau an yi yaɓe, an gyara indararo, an canza azarar da gara ta ci. Shekarar farko Gidaɗo ya gyara rabi. Ta biyu ya gyara zaure da shigifa kawai.

Wata yamma wani mutumin Kudan mai suna Mijinyawa, mai fataucin mazarƙwaila, ya jira har aka gama cin tuwo, sannan ya matso kusa.

"Malam Akawu, idan wata rana gidan nan ya yi maka yawa, ina so. Zan saya da mutunci."

A hankali ya faɗa, don kada kowa ya ji. Gidaɗo ne ya ɗaga murya.

"Jama'a, kun ji? Gidan akawu zai koma rumbun mazarƙwaila. Ƙudaje za su gaje ni!"

Zaure ya kwashe da dariya. Mijinyawa ma ya yi murmushi, ya nemi takalmansa.

Da Gidaɗo ya shiga ciki ya ba matarsa Lantana labari, ita ba ta yi dariya ba.

"Da ka saurare shi, Malam. Gidan gadonku na ƙauyen Taba yana nan, ga gona a bayansa. Kuɗin wannan ya gyara wancan, abin da ya rage ka sayi shanun noma."

"In koma Taba a ce me?"

"A ce ka koma Taba."

"Lantana, mutanen nan tun daga nesa suke cire takalmi idan sun hango ni. Ranar da na sayar da gidan nan, ranar za su fara gaishe ni a tsaye."

"To, su gaishe ka a tsaye mana. Gaisuwa ake ci?"

Gidaɗo ya tashi ya fita. Yana da lissafinsa. Namiji baƙo ba ya wuce shigifa, ko da shi ne babban aminin mai gida. Saboda haka, a ganinsa, duk abin da garin ya sani game da shi bai wuce ɗakuna biyu ba. In dai waɗannan biyun suna tsaye, to shi ma yana tsaye.

A shekara ta uku rufin zauren ya fara lotsawa. Magini ya duba ya ce sai an sa sabuwar azara, ya faɗi kuɗin. Gidaɗo ya ce kada ya damu, yana da azara a ajiye.

Ba shi da ita. Ɗakunan cikin gida da ba kowa a ciki ya riƙa yaye wa rufi, da hannunsa, don kada a shigo da leburori su gani. Mutumin da bai saba riƙe abin da ya fi alƙalami nauyi ba ya koma jan itace a kafaɗa. Yakan kai har bakin shigifa ya ajiye, ya wanke jiki, ya sa babbar riga, sannan ya kira magini.

Azarar da ta fi kyau tana ɗakin da ke manne da na Yaya. Bango ɗaya ne tsakaninsu. Da ya yaye wancan rufin, bangon ya zama a waje, kuma shi ne ke ɗauke da rabin rufin Yaya.

Zaure ya fito fes. Aka shafe shi da makuba, aka sabunta zanen. Masu wucewa suka riƙa cewa lallai fanshon gwamnati ba wasa ba ne.

Ruwa ya sauka. Da aka shiga marka, bangon ya fara shan ruwa daga sama. Lantana ta taɓa shi ta ciki, ƙasa ta biyo yatsunta.

"Malam, a mayar da Yaya shigifa har ruwa ya ɗauke. Ɗakina ma zuba yake, ni da yara a lungu ɗaya muke kwana."

"Shigifa? In baƙo ya zo ya tarar da tsohuwa da tukunyar fitsari kusa da rediyo?"

A ƙofar ɗakin Yaya suke wannan magana, kuma ta ji. Sai ta yi gyaran murya.

"Lantana, ƙyale shi. Mutum mai jama'a ba ya rasa wurin saukar baƙi. Auta, jeka abinka. Ni nan ya ishe ni."

"Kin ji ko?" in ji Gidaɗo. "Yaya ta fi ki hankali. Da kaka zan gyara."

Wata Juma'a aka wuni ana yayyafi. Bayan la'asar zaure ya cika, har da Mijinyawa, ana jiyo rediyo daga shigifa ana jiran tuwo. Sai aka ji wani ƙara mai nauyi daga ciki, ƙasa ta ɗan motsa.

Lantana ta faɗo zauren ba mayafi, ba takalmi. Yawancin mutanen ba su taɓa ganin fuskarta ba.

"Ku taimaka! Ɗaki ya rufta da Yaya!"

Mutane suka miƙe. Gidaɗo ya riga su zuwa ƙofar shigifa, ya tsaya a ciki ya buɗe hannuwa.

"Ku dakata. Bari in duba tukuna."

Mijinyawa ya ture shi gefe ya wuce, sauran suka bi.

Suka ratsa ɗakuna marasa rufi, ciyawa ta tsiro a cikinsu. Suka wuce rumbun da ba komai, da murhu inda tuwon zaure ke kan wuta, a gefensa ga 'yar tukunyar kunu ta mutanen gida. Da hannu da fartanya suka riƙa tonon laka har suka kai gare ta.

Tana da rai. Azara ta danne ta daga ƙugu zuwa ƙasa. Da ta buɗe ido ta ga maza a kanta, sai ta fara neman gefen zanenta.

"Wa ya ce ku shigo? Ku koma zaure, don Allah. Gyara ake yi a gidan. Auta ya ce da kaka za a gama."

Aka ɗauke ta aka kwantar a shigifa, kusa da rediyon. A nan ta cika kafin a kira magariba.

Ranar da za a tashi daga zaman makoki, Gidaɗo ya ja Mijinyawa gefe.

"Maganar gidan nan da ka yi. Na yarda."

"Waccan maganar ta gida ce, Malam. Yanzu fili ne da zaure. Zan saya, amma a kuɗin fili."

Gidaɗo ya gyaɗa kai. Sannan ya ce, "Abu ɗaya nake roƙo. Abin da kuka gani a ciki, a bar shi a ciki."

Mijinyawa ya dube shi da mamaki na gaske.

"Malam, ai ba ranar muka sani ba. Matanmu suna shiga gidan nan barka da suna da aron turmi. Tun shekarar farko da ka bar rabin gidan ba yaɓe, labari ya kai Kudan. Shi ya sa na yi maka tayi tun da wuri."

"Kowa ya sani?"

"Har mai sayar maka da goro."

"Kuka sani, kuka ci gaba da zuwa kuna cin tuwona?"

"To, ai ba ka daina fito da shi ba."

A daidai lokacin aka fito da abincin sadaka. Mutanen zaure suka gyara zama, suka miƙa hannu a ba su ruwan wankewa.

Darasi: Idan samunka ya ragu, ka rage gida da hidima tun kana da zaɓi, kada ka rage haƙƙin waɗanda ke ƙarƙashinka don ka burge na waje. Mutanen da kake ɓoye wa halinka galibi sun riga sun sani, kuma ba su ne za su biya kuɗin ɓoyon ba. Wanda ya fi sonka, wanda ba zai taɓa yi maka ƙorafi ba, shi ne zai biya. Ka tura wa wani wannan labarin, wataƙila akwai mai gyaran zaure a yau alhali bango yana jiƙa a kan wani nasa.