Katifun Aro a Gidan Masu Ciki

Kai, ku da tambaya! Wai wa ke riƙe da makullin gidan nan na bayan asibiti? Ina ruwanku? To, tunda kun tsokano, ku zauna, kuma kada wanda ya katse ni.

Matan ƙabilar Kambari ne suka gina shi da hannunsu. Shugabarsu Kyauta, ƙanwarta ta rasu a hanya tana naƙuda, shi ne ta tara mata suka yi ɗaki biyu, mai ciki daga ƙauye ta sauka kusa da likita, ta sami mai jin yarenta. Shekara bakwai, sai rufi ya ruɓe. In damina ta same su haka, sai dai a rufe gidan.

Tasalla, ita ce mai ɗan karatu a cikinsu. Shekara biyu tana rubuta wa wata ƙungiyar agaji ta birni, ana watsar da takardunta, tana sake wasu, har suka gaji suka ce za su zo. Ba don ita ba, babu wanda ya san da su.

Ranar zuwan baƙi, matan suka yi abin da suka gada: baƙo ba ya ganin tsiraicin gida. Aka aro katifu, aka toshe ramukan rufi da zana, aka yanka akuya. Baƙi suka ci suka ƙoshi, suka ce, "Ai ku ba ku rasa komai ba."

Sai tsohuwa Barmani ta jawo katifa har tsakar gida. "Mai wannan, zo ki ɗauki abarki! Kai kuma babban baƙo, ranka ya daɗe, ɗaga kai ka ga taurari da rana tsaka." Ta zare zanar. Mata suka rufe fuska, wasu har yau ba sa gaishe ta. Ba don ita ba, da baƙi sun tafi.

Baƙin suka ce za su taimaka, amma su za su turo mai kula da gidan daga birni. Nan Kyauta ta miƙe. "Mun gode. Ku ba mu kwanon rufi, ku koya wa 'ya'yanmu aiki. Amma mace mai naƙuda ba ta kuka da yaren wani." Baƙin suka tafi. Wata guda garin na zagin ta, sannan mota ta sauke kwanon rufi. Ba don ita ba, da gidan ya ɗore, amma ba nasu ba.

Makulli ɗaya ne, mata suka rabu uku. Ku daina zare min ido, kowa ya nufi shimfiɗarsa, gobe da safe ina son amsa. Tsakanin mai kiran baƙi, da mai tona asiri, da mai cewa a'a, wa ya cancanci ya riƙe shi?