Shamuwa da Dashin Sarki Nomau

An ce a ƙasar Tudun Maje an yi wani sarki mai suna Nomau, mutum mai fara'a, wanda ba abin da ya tsana kamar gardama. Duk ƙarar da aka kawo masa, maganinsa ɗaya ne: a raba biyu. Har ana yi masa ba'a a ɓoye, wai in biyu suka yi faɗa kan jaki, sai jakin ya fara addu'a.

A zamaninsa damina ta soma gajarta, zafi ya ƙaru, rijiyoyi suka yi nisa, gada da zabin daji suka yi wuyar gani. Sarkin Dawa Korau ya ce a keɓe wa namun daji dutsen bayan gari mai ɗan tafki a kansa, tun da ba mai noma shi. Sarkin Noma Cindo ya ce shi ba ruwansa da gada, zafi ne damuwarsa, don haka a sare kurmin bakin fadama a jera itatuwan turare masu saurin girma. Sarki ya ga za a ɗaga murya, sai ya ce, "Korau, ɗauki dutse. Cindo, ɗauki kurmi. Gobe zan kafa dashi."

Al'adar ƙasar kuwa, iyakar da Sarki ya kafa wa itacen dashi da hannunsa, ko jikansa bai isa ya tuge ta ba.

Da hantsi Sarki yana zaune a ƙarƙashin tsamiyar gidansa, sai wata tsohuwar shamuwa da ke sheƙa a kanta ta sauko ta ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, sallama na zo yi. Baɗi ba za a gan ni ba."

Sarki ya zabura, don mutanensa ba sa fito da iri sai sun ga shamuwa. Ya ce, "Subhanallahi! Wa ya taɓa ki, Inna?"

Ta ce, "Dashinka na gobe. A fadamar nan nake kiwo, kurmin nan kuwa shi ke riƙe mata ruwa. Ashe Sarki bai ji abin da ya faru tsakanin Hakimi Jatau da biri ba?"

Sarki ya gyara zama ya ce, "Yaya aka yi?"

Shamuwa ta ce, "A Kwarin Gawo, inda na yi ƙuruciya, Hakimi Jatau ya keɓe wa namun daji wani tsauni, ya kewaye shi da ƙaya, aka yi shela kada maharbi ya leƙa. Kurmin da ya haɗa tsaunin da gulbi kuwa aka sare, aka jera turare. Mawaƙa suka yi ta yabo. Da ruwa ya ja baya, tafkin kan tsauni ya ƙafe, turare kuma ya tsotse fadama. Dabbobi suka nemi hanyar gulbi suka tarar da gonaki, suka auka ciki. Rannan aka kamo wani dattijon biri da masara a baki, aka gurfanar da shi.

"Hakimi ya ce, 'Kai mara godiya! Na ba ku tsauni sukutum, ka zo kana sata?'

"Biri ya haɗiye abin da ke bakinsa ya ce, 'Ranka ya daɗe, ka ba mu abin da ba ka so ne, mun kuma gode. Amma kyautarka ta tuna mini da rumbunan Mati.'

"Hakimi ya ce, 'Wane ne kuma Mati?'

"Biri ya ce, 'Wani manomi ne mai 'ya'ya biyu. Babban ba ya tsoron komai sai gara, ƙaramin ba ya tsoron komai sai ruwan sama. Da aka zo ginin rumbu suka yi ta musu, uban ya gaji ya raba musu gero, ya ce kowa ya yi nasa. Babban ya ɗora rumbunsa kan manyan duwatsu, ya tsaya yana yi wa gara dariya, bai ko waiwayi jinka ba. Ƙaramin ya yi jinka mai kauri abin sha'awa, ya dasa rumbunsa a ƙasa daɓas. Kafin tsakiyar damina geron babban ya tsiro ta sama, kore shar, na ƙaramin kuwa gara ta mayar da shi ƙasa. Mati ya riƙe baki yana salati. Matarsa ta leƙo daga madafi ta ce, Maigida, ai gara da ruwa ba su raba aiki ba, kai ne ka raba.'

"Biri ya ce, 'To haka ka yi, ranka ya daɗe. Ƙishirwar da ta sauko da ni daga tsauni tana nan tafe gidanka, don abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.'

"Hakimi ya yi dariya har da hawaye, ya sa aka saki biri. Dariyar ce kawai Hakimi ya samu, gama kurmi ya riga ya tafi, da na sani kuwa ƙeya ce. Yau in na bi ta kan Kwarin Gawo ba na ko rage fiffike, don babu wanda zan gaisar."

Shamuwa ta gyara tsayuwa a kan ƙafa ɗaya ta ce, "In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ni dai na faɗi nawa."

Kunya ta kama Sarki, don ya ga kansa tsaf a cikin Mati. Ya aika aka kirawo Korau da Cindo, ya ce, "Ku faɗa mini, in tafkin dutse ya ƙafe, ina gada za ta sha? In kurmi ya tafi, me zai riƙe wa rijiyoyinmu ruwa?" Kowa ya kalli ɗan'uwansa yana jiran ya amsa.

Sarki ya ce, "To iyaka ɗaya za a yi, daga dutse ta bi kurmi ta sauka fadama har bakin gulbi. A bar wa makiyaya burtali, mata su ci gaba da tsintar ɗorawa, masu amya su ɗebi zumarsu. Cindo, shukarka ka kai ta faƙon da ya mutu, ka sa gawo da kirya da marke. Dashi kuwa dami ɗaya za a ɗaure, ku biyu za ku ɗauka."

Korau ya ce, "Allah ya taimaki Sarki, da a raba mana shi dai, kowa ya ɗauki rabi."

Sarki ya fashe da dariya ya ce, "Rabo kam na tuba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka." Sa'an nan ya ɗaga kai ya ce, "Inna, sallamar fa?"

Shamuwa ba ta amsa ba, don bakinta a cike yake. Ta tsinci kara, tana can sama tana ƙara wa sheƙarta ƙarfi.