Mai Lada Biyu da Shinkafar Fidda Kai

Ni na fara ganin faɗuwar mutumin nan kafin kowa a garin nan, kafin matarsa ma da suke kwana ɗaki guda. Ban taɓa zama a aji ba, sunana ma da babban yatsa nake sawa. Amma na shigo Kuala Lumpur tun babu Bahaushen da za ka tambaya hanya. Na kwana a barandar shago, na yi zazzaɓin da ya kwashe samari ya bar ni a tsaye. Idona ya ga gari. Saboda haka, ya 'yan uwa, ku gyara zama.

An yi wani mutum a cikinmu, ba zan kama sunansa ba domin yana da 'ya'ya. A unguwar Cheras yake zaune da matarsa Raudatu. Sana'arsa sayayya. 'Yan kasuwa daga Kano su turo masa kuɗi, ya bi layin Masjid India da Jalan Tuanku Abdul Rahman ya sayo musu abaya da hijabi da turare, ya ɗaure ya aika. Ba shi da shago, ba shi da jari. Jarinsa guda ɗaya ne, mutane sun yarda da shi. Mutum zai turo masa dukiya bai taɓa ganin fuskarsa ba, ya kwanta ya yi barci har da minshari.

Wata rana ya shiga wani babban kanti, irin mai hawa-hawan nan da ake sayar da komai tun daga shinkafa har firij. Yarinyar da ke karɓar kuɗi ta yi masa tayin katin kantin. Ka ɗauki kaya yau, ka biya ƙarshen wata. Duk abin da ka saya kuma a rubuta maka maki, makin ya taru ka karɓi kyauta. Katin a kantinsu kaɗai yake aiki, ko ruwan leda ba zai saya maka a wani wurin ba. Ya tambaye ta ko baƙo ma ana ba shi. Ta yi murmushi ta ce, "Boleh," wato ana bayarwa.

Yaranmu 'yan makaranta su suka raɗa wa makin nan suna. Cikin wasa suke ce masa lada. "Lada nawa ka tara?" Suna faɗa suna dariya. Shi kuwa mutumin nan bai ɗauke shi wasa ba.

Ranar da ya kawo katin majalisarmu, a wurin mamak, shagon Ba'indiyen nan da muke shan shayi bayan La'asar, na dube shi na dubi yadda yake riƙe da shi. Da hannu biyu, kamar wanda aka miƙa wa jariri. Na ce, "Ɗan nan, mene ne wannan?"

Ya ce, "Baba, wannan zamani ne. Ka ci abincinka a biya ka lada."

Na ce, "Wanda ya ba ka lada a kan cin tuwonka, shi me zai ci?"

Aka yi dariya, ya ce, "Baba ke nan. Kai dai ka tsufa."

Na tsufa, gaskiya ne. Ga ni nan kuwa har yau.

Da farko ba wani abin aibu. An ba shi tukunya, an ba shi bargo, Raudatu ta ji daɗi. Sai ya gano katin hawa-hawa ne. Nasa na azurfa ne, a samansa akwai na zinariya. Masu na zinariya ba sa bin layi. Suna da wani ɗaki mai sanyi inda ake zuba musu shayi, ma'aikata na kiransu da suna. Ya leƙa ɗakin nan sau ɗaya ta gilashi, ya ga wani yana zaune ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Tun daga ranar zuciyarsa ba ta sake zama wuri guda ba.

Ya koma ba ya sayen ko gishiri a kedai, ɗan shagon da ke ƙasan gidansu. Sai ya hau jirgin ƙasa ya tafi kantin. Ɗalibi zai koma gida yana neman tsaraba, sai ya ce, "Kawo kuɗin a hannu, ni in saya maka da katina." Ana cikin hira ya ciro waya ya duba maki. A masallaci, liman na sallamewa, kafin ya ce astagfirullah hannunsa ya kai aljihu. Ni na gani da idona, ina sahu ɗaya da shi.

Sadaka ma ya mayar da ita ta kanti. In zai ba mabuƙaci, ba zai ba shi kuɗi ba, sai ya sayo masa abu da kati. Har ya riƙa faɗi da bakinsa, "Ni lada biyu nake samu, na Allah da na kanti." Daga nan aka fara kiransa Mai Lada Biyu, yana amsawa yana jin daɗi.

Ya 'yan uwa, ina tambayarku. Wanda ya jera ladan Allah da ladan kanti a faifai ɗaya, in aka ce ya ɗauki guda, wanne hannunsa zai fara taɓawa?

Azumi ya zo. Mutanen ƙasar nan da kuɗi suke fidda zakkar fidda kai, amma mu mun saba da awo, hankalinmu bai kwanciya sai mun san hatsi ya shiga hannun mabuƙaci. Don haka duk shekara mukan tara kuɗin a wurin Malam Abdulbaƙi, ɗalibin da ke jan mu salla, a sayi shinkafa a raba wa gidajen da muka sani kafin a hau idi. A cikin gidajen akwai na Ummukulthum, wadda mijinta ya rasu yana tsakiyar karatu ya bar ta da yara ƙanana, tana jiran takardun komawa gida. A shekarar, jarrabawa ta sha kan Malam. Wa za a ba amanar sayayya in ba mai sana'ar sayayya ba? Aka damƙa wa mutumin nan kuɗin jama'a tun ana cikin goman ƙarshe.

A makon ne saƙo ya shigo wayarsa daga kantin. Ranar talatin ga azumi za a ninka maki sau uku. Ya zauna ya lissafa, ya ga in ya sayi shinkafar jama'a a ranar, katin zinariya ya zama nasa. Ya ce a ransa, ai ban ci kuɗin kowa ba. Jajibere zan saya da safe, in raba da yamma, kowa ya samu kafin idi. Wa na cuta? Sai ya ɗauki kuɗin gaba ɗaya ya zuba wa kantin, ya share abin da ake binsa, don katin ya samu sararin ɗaukar buhuna. Kuɗin jama'a ya fita daga hannunsa, ya koma cikin wata 'yar roba da ba ta aiki sai a ƙofa ɗaya.

Raudatu ta ce masa, "Baban Ummi, ka sayo shinkafar mutane ka huta mana."

Ya ce, "Ke me kika sani a harkar nan? Kwana nawa ne?"

Ni ma na tare shi a bakin masallaci na ce, "Ina buhunan?" Ya ce suna hanya. Na ce, "Wata ba ya duba kalandar kanti, ɗan nan." Ya yi dariya ya wuce.

Kowa a garin ya sa rai azumi talatin za a yi, haka aka buga a kalanda. Ranar ashirin da tara, an sha ruwa ke nan, yana zaune da dabino a hannu, sai sanarwa ta fito a talabijin. An ga wata. Gobe salla.

Daga baya shi da kansa ya faɗa mini cewa dabinon nan bai san inda ya faɗi ba. Ya fita da silifa wari da wari. Gari ya rikice, mata sun fito neman kaza da kwakwa, motoci sun cushe kowa na son tafiya ƙauyensu. Ya kutsa jirgi, ya sauka ya sheƙa da gudu, mutum mai tumbi da furfura a gemu. Ya iso kantin ya tarar ana jan ƙofar ƙarfe. An sallami ma'aikata su tafi gida salla. Ya ciro katin yana nuna wa mai gadi ta tsakanin ƙarafa, yana roƙo da Hausa da Turanci da ɗan Malayancin da ya iya. Mai gadi ya girgiza kai ya ce, "Tak boleh." Ba zai yiwu ba, sai bayan salla.

Ga kedai nan a buɗe a kowane lungu, ga shinkafa a jibge. Aljihunsa kuwa babu abin da zai sayi buhu ɗaya.

Ku saurara da kyau, domin a nan Allah ya buɗe masa ƙofa. Da ya kira Malam a lokacin ya ce na yi kuskure, wallahi da mun haɗa hannu mun sayi shinkafar nan kafin gari ya waye. Ya ciro wayar, ya nemo lambar Malam. Sai ya tuna sunansa a bakin mutane, ya tuna yadda za a yi da shi a majalisa. Ya mayar da wayar aljihu.

Da safe a filin idi, yana cikin sabuwar shadda, Malam Abdulbaƙi ya riƙo hannunsa ya ce, "An raba dai ko?"

Ya ce, "An raba, Malam. Alhamdu lillahi."

Ƙarya a filin idi, da kabbara a bakinsa.

Bayan salla muka taru a zauren da muke kamawa a Cheras, ga tuwo ga waina, yara na guje-guje suna surutu da Turanci. Sai ga Ummukulthum ta shigo da yaranta. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta zo tona kowa ba. Ta durƙusa gefen Malam ta gaishe shi, sannan ta ce a hankali, "Malam, bana ba a fidda ba ne? Na ce ko an manta da mu."

Ina kusa, na ji. Malam ya juyo ya dubi mutumin nan. Mutumin yana riƙe da loma, ta ƙi zuwa baki ta ƙi komawa kwano. Raudatu ta ja mayafi ta rufe fuskarta.

Ya 'yan uwa, me ya sa aka ce a fidda kafin idi? Ni ba malami ba ne, amma na ji a bakin malamai: don kada mabuƙaci ya wayi garin salla yana tunanin abin da zai ɗora a wuta. Yaran marayun nan da busasshen burodi suka yi kalacin salla, alhali haƙƙinsu na kulle a bayan ƙofar kanti. A take aka zagaya da hula, kowa ya sake fiddawa, samari suka bazama kedai. An kai shinkafar, amma an riga an sauko idi.

Da kantin ya buɗe bayan salla, suka cika alkawarinsu na ninka maki. Ya je ya sayo buhunan, makin ya cika, aka miƙa masa katin zinariya a cikin ɗan akwati, har da tafi. Ya samu abin da yake so. Ya ɗauki buhu a kafaɗa ya hau bene ya kai wa Ummukulthum. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Allah ya saka, amma yarana sun riga sun yi sallarsu." Ta tura ƙofa.

Labari ba ya neman biza. Kafin sati ya zagayo ya isa Kantin Kwari. 'Yan kasuwa suka ce wanda ya yi wasa da zakka, me zai hana shi wasa da abaya? Ɗaya bayan ɗaya suka janye. Ɗalibai suka daina kawo kuɗin tsaraba. Babu shiga, sai ya koma ci da katin, ƙarshen wata ya zo babu na biya, kuɗin ruwa ya hau. Da ya yi jinkiri, kantin ya soke makin gaba ɗaya da saƙo guda a waya. Ladan da ya yi shekaru yana tarawa ya tafi cikin ƙiftawar ido. Ɗakin shayin nan sau ɗaya ya taɓa zama a ciki, ya ce mini shayin ma da sanyinsa. Raudatu ta kwashi yara ta koma Kano. Shi ma daga baya ya bi, da jaka ɗaya, da tikitin da aka yi masa karo-karo. A cikin masu karo-karon har da Ummukulthum.

Ban ce muku kati ne ya halaka shi ba. Roba ce, ba ta da hannu. Abin da ya halaka shi, ya sa amanar mutane ta jira ranar garaɓasa. Haƙƙin wani in yana hannunka, yau ne lokacinsa. In kuma ka zame, ka faɗa tun ana iya gyarawa, kada kunyar majalisa ta fi maka kunyar Allah. Ladan kanti wanda ya rubuta shi yana gogewa. Ladan da ba a gogewa ba a duba shi a waya.

Allah ya kiyaye mu da cin amana, ya kiyaye mu da jinkirta haƙƙin marayu, ya shirye shi ya shirye mu, ya sa mu cika da imani. Amin.

Wanda kuma yake ganin tsoho ya ƙara gishiri, to ya same ni a wurin mamak ɗin nan bayan La'asar. Ranar da mutumin zai tafi ya ajiye mini katin zinariyar a gabana. Teburinmu yana da gajeriyar ƙafa ɗaya, shi na cusa a ƙarƙashinta. Ka zo ka durƙusa ka zaro shi da hannunka, sunansa na nan a jiki. Ka karanta mini, tunda kai ka yi makaranta.