Itatuwan da Ke Amsa Sunan Mutane

Dalilin da ya sa itatuwan Kwarin Maje suke da sunaye irin na mutane, shi zan ba ku yau, jama'a, don kwanakin nan abin ya dame ni.

Da can ba haka abin yake ba. Itace itace ne, kowa ya ga dama ya ɗauki gatari. Da haka aka aske bakin kwari ƙwal, ruwan damina ya riƙa zaizaye ƙasa yana zubawa a rijiyoyi, mutane na shan jan laka. Yara kuwa sai gudawa.

A lokacin ne aka kawo Likita Jatau asibitin garin. Yaron da ya warkar yau, jibi an dawo da shi a goye. Da ya gane daga kwarin ciwon yake, sai ya shiga rainon ƙananan maɗaci da ɗorawa a fasassun tukwane. In ya tashi aiki ya dasa su a bakin kwari, yana ba su ruwa da hannunsa. Mutane na ta dariya, wai likita ya koma mai lambu.

Itatuwan sun kai tsawon mutum ke nan, wata safiya ya tarar an sare su, saura maɗaci ɗaya tal. Tanko mai itace ne ya yi shingen awaki da su, ko ɓoyewa bai yi ba.

Likita ya same shi a ƙofar gida. "Malam Tanko, da asubar nan na ceto matarka da jaririnka da ƙyar! Sakayyata ke nan?"

"Allah ya huci zuciyarka, Likita. Amma itacen bakin kwari na wa ne? Ba shi da uwa, ba shi da uba. Ka tsaya ga allurarka mana."

"To ku sha lakarku! Yau zan ɗaure kayana. Na gaji da rakiyar gawar yara."

Daidai nan Gwaggo Kande ungozoma ta fito da ƙwarya a rufe. Mabiyiyar jaririn ce, za ta binne a bayan ɗaki yadda aka saba.

"Kai Tanko, ni na yanke maka cibiya, mara kunya. Me ka ce? Ba shi da uba?"

Ba ta jira amsa ba, ta miƙi hanyar kwari tana faɗa, jama'a na biye. A gindin maɗacin nan ta tsaya, ta dubi Likita. "Ɗan nan, bar huci, haƙa mini rami."

Ya durƙusa ya haƙa, bai ma gane nufinta ba sai da ta juye ƙwaryar ta mayar da ƙasa.

"Yanzu ya yi uba," in ji ta. "Ga gatarinka, Tanko. Sare ɗanka mu gani!"

Tanko ya dubi itacen, ya dubi ƙasa. Gatarin ya yi masa nauyi. Ranar suna aka raɗa wa yaro Ilu, maɗacin ma ya zama Ilu. Likita bai tafi ba. A garin ya tsufa, duk haihuwa sai ya miƙa wa ungozoma dashe, ta binne mabiyiya a gindinsa, ya ci sunan jaririn, har bakin kwari ya rufe, rijiyoyi suka washe.

Shi ya sa har yau za ku ji ana cewa mu haɗu a gindin Ilu, ko kuwa Hajara ta yi kalwa bana, babu mai dariya.

To ga abin da ke cina. Ɗana Shitu, masu gawayi sun hure masa kunne ya sare itacensa ya sayar musu. Na yi faɗa har muryata ta dishe, sai ya ce, "Inna, ba sunana gare shi ba? Ai nawa ne." Na ɓoye gatarinmu a cikin rumbu, amma maƙwabta ma suna da gatari. Ni ban yi karatu mai nisa ba, ban san amsar da zan ba shi ba. Jama'a, ku da kuka sani, yaya zan yi da yaron da ke shirin sare kansa?